Marayu uku, lissafi uku

Ƙanena ya rasu a ƙarshen 2016, bayan jinyar da ba ta daɗe ba. Ɗan kasuwa ne, yana da shagon atamfa da shadda a kasuwar Dole, kayansa daga Kantin Kwari yake ɗauko su, ya biyo ta Daura da Matamai ya sauke a nan Damagaram. Ni kuwa malamin lakwal ne, alli na riƙe har na yi ritaya, ban taɓa sayar da ko ƙyallen ɗankwali ba. Duk da haka, da aka yi sadakar arba'in dangi suka zauna, ni suka ɗora wa riƙon dukiyar 'ya'yansa, wai ni ne babba kuma na san lissafi. Aka rubuta takardar taron dangi, alƙali ya sa hannu.

Da aka biya bashinsa, aka karɓo abin da yake bi, aka sayar da kayan shago, aka fitar wa matarsa tumuninta, aka bar musu gidan suna ciki, abin da ya rage na yara tsabar kuɗi sefa miliyan 10 ne. Yaran uku: babban namiji mai shekara 16, mace mai 11, da auta namiji mai 3. Maza miliyan huɗu-huɗu, mace miliyan biyu. Wani ɓangare na kuɗin da naira aka karɓo shi daga Kano, kuma nairar ta faɗi warwas a wannan shekara, don haka tun kafin kuɗin ya zo hannuna ya riga ya rame.

Na yi kwanaki ba na barcin kirki. Duk wanda ya karanta farkon Suratun Nisa'i ya san abin da aka ce game da mai cin dukiyar maraya. Shawarata ta farko ita ce in kai kuɗin banki in rufe, in jira su girma. Malamin da nake ɗaukar karatu a wurinsa a Birni shi ya hana ni. Ya ce a mazhabarmu zakka tana hawa dukiyar yaro kamar yadda take hawa ta babba, kuma Sayyidina Umar ya yi umarni a juya dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta. Na koma gida na ɗauki biro. Miliyan huɗun auta, in ana cire kashi 2 da rabi cikin 100 kowace shekara har shekara 15, kusan sulusi ya tafi, tun ba a yi maganar tsadar kaya ba. Ni kuma na ga abin da ya faru ranar 12 ga Janairun 1994, lokacin da aka kwana aka tashi faran ɗaya na Faransa ya koma sefa 100 daga 50. Muna ma'aikata a lokacin, ga albashi ba ya zuwa kan kari, ga ɗan abin da mutum ya ɓoye ya koma rabi a gaban duk kayan da aka shigo da su daga waje. Wanda ya ga wannan ba ya yarda cewa kuɗin da ke kwance lafiya yake kwance.

Shawarwari kuwa sun zo kamar ruwan Agusta. Kawun yaran, wan mahaifiyarsu, fuloti yake so a saya a bayan gari. Wani ya ce shanu, wani ya ce babura a ba 'yan kabu-kabu, wani ya ce a ba shi ya juya a raba riba, kuma shi ne ya fi kowa zuwa gaishe ni a watan nan. Fili abu ne mai kyau, amma na sha ganin fuloti ɗaya da takarda biyu, kuma ranar da yaro ke son kuɗin makaranta ba a yanko kusurwar fili a kai kasuwa. Shanu kuma, wanda ya ga abin da farin 2010 ya yi wa garken mutane ta wajen Tanut da Gure ba zai zuba dukiyar maraya duka a kansu ba.

Wani tsohon ɗalibina da ke aikin banki a Yamai ya zo mini ta'aziyya a makare. Muna shan shayi na faɗa masa damuwata. Ya ce, “Mushe, ka taɓa jin BRVM?” Na ce a rediyo kawai. Ya ɗauki takardar da aka ƙunso sukari ya fara zane a bayanta, ni da na koya masa raba lamba na zauna ina sauraro.

Kasuwa ce guda ɗaya ta ƙasashe takwas masu sefa irin tamu: Nijar, Binin, Burkina Faso, Kodebuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo. Mazauninta Abijan, ta fara aiki a 1998. Mutum ba ya zuwa da ƙafarsa, ta hannun dillalai masu lasisi ake bi, waɗanda ake kira SGI, kuma ana buɗe asusu a wurinsu daga Yamai. Haja iri biyu ce a ciki. Ta farko hannun jari: ka sayi ɗan yanki na kamfani, ka zama abokin tarayya, in an ci riba a raba da kai sau ɗaya a shekara, in ba a ci ba ka haƙura, farashin yankin naka kuma yana hawa yana sauka kullum, ko da yake an hana shi motsa fiye da kashi 7 da rabi a yini ɗaya. Ta biyu takardar bashi: ka ranta wa gwamnati ko kamfani kuɗi, kowace takarda jaka goma, a yi maka alkawarin ruwa kashi 6 ko 6 da rabi a shekara, a kuma sa ranar da za a maido maka uwar kuɗinka. Ya ce masu abin suna cewa hannun jari shi ke girma amma yana da tashin hankali, takardar bashi ba ta girma sosai amma ka san abin da za ka samu da ranar da za ka same shi. Gwanintar duka tana wurin sanin nawa za ka sa nan, nawa za ka sa can.

Na ce masa, “Ɗana, ta biyun nan ai riba ce da sunanta. Ba zan ciyar da marayu da ita ba.” Ya yi dariya ya ce ya san haka zan ce. Sai ya ba ni labarin sukuk. Senegal ce ta fara fitar da shi a yankinmu a 2014, Kodebuwa ta biyo a 2015, Togo a 2016, kuma a 2016 ɗin aka shigar da su kasuwar Abijan. Tsarinsa haya ne: gwamnati ta ware wasu gine-ginenta, masu takarda su sayi haƙƙin amfani da su, ita kuma ta karɓe su haya tana biya duk wata shida, bayan wani lokaci ta fara maido uwar kuɗin kashi-kashi har ta fanshi kayanta.

Na kai wa Malam wannan bayani yadda na ji shi. Ya yi mini tambayoyi da yawa, mafi yawansu a kan ko ginin yana nan da gaske ko a baki ne kawai. Ya ce akwai malaman da ba su natsu da shi ba, amma shi a ganinsa haya ce, kuma haya halal ce. Game da hannun jari ya ce tarayya ce, sai dai in duba sana'ar kamfanin. Wannan ya rage mini zaɓi ƙwarai. Kamfanonin kasuwar arba'in da 'yan kai ne, mafi yawansu na Kodebuwa, kuma bankuna sun cika su. Akwai na giya, akwai na taba. Nijar kanta kamfani ɗaya ke gare ta a ciki, shi ma banki ne. Abin da ya rage mini kamfanonin waya irin Sonatel ta Senegal da Onatel ta Burkina, da masu wuta da ruwa na Abijan, da masu gonakin roba da manja.

Ɗalibin nawa ya ce in raba miliyan goman kashi 60 hannun jari, kashi 40 sukuk, wai haka ake yi a ƙasashen Turawa. A nan ne na ƙi bin sa. Kuɗin ba na mutum ɗaya ba ne. Babban yana lise, wato babbar sakandare, nan da shekara uku zai zana bak, jarrabawar gama ta, zai buƙaci kuɗinsa ko kasuwa ta tashi ko ta faɗi. Auta kuwa ko lakwal bai shiga ba, yana da shekara 15 a gabansa da ba abin da zai nema a hannuna sai alewa. Yaya za a yi in ɗinka musu riga ɗaya? Na sayi littafi uku masu bango mai kauri, kowane yaro da nasa.

Na babban: miliyan ɗaya na bari a banki ba ruwa, don abin da ka iya tasowa, miliyan uku sukuk, hannun jari ko ɗaya ban saya masa ba. Ta tsakiya: rabi da rabi. Auta: miliyan uku hannun jari a kamfani biyar, miliyan ɗaya sukuk. Sukuk ɗin na raba shi tsakanin na Senegal da na Togo. Samunsa ma sai da aka sha jira, domin bankuna ne suka riƙe mafi yawansa kuma ba sa son saki. Dillali yakan kira ni a salula ya ce an sami takarda kaza, in saya, a sake jiran wani mai sayarwa. Hannun jari kuwa cikin mako guda aka gama. Akwai la'adar dillali wurin saye, akwai kuɗin ajiya, ana kuma cire haraji daga ribar tun kafin ta iso. Duk na rubuta.

Ashe na shiga kasuwar tana cikin gangara. A 2017 ma'auninta, wato lambar da ke nuna hawa da saukar farashin hannayen jarinta gaba ɗaya, ya faɗi da wajen kashi 17 cikin 100, a 2018 ya faɗi da wajen 29, a 2019 da 2020 ya ci gaba da sauka. Daga ƙarshen 2015 zuwa ƙarshen 2020 ya zubar da fiye da rabi. Duk takardar lissafi da ta zo daga Yamai, lambar da ke ƙasan shafin auta ta fi ta baya ƙanƙanta. Miliyan ukun nan sai da suka koma ƙasa da biyu.

Ban ɓoye wa kowa ba, kuma magana ta zaga dangi. Kawun yaran ya nemi a zauna. Muka zauna a zauren gidan marigayi bayan la'asar, mahaifiyarsu tana daga ciki bayan asabari, littattafan uku a kan tabarma. Kawu ya ɗaga takardar auta da yatsa biyu ya ce, “Malam, da fuloti muka saya, da yanzu ya ninka. Ina miliyan ɗayan yaron nan?” Wani daga gefe ya ce abin ya yi kama da caca. Na buɗe littafin na nuna musu shafi biyu. A na farko yawan hannayen jarin da aka saya, ba ɗaya da ya ɓace, har ma sun ƙaru. A na biyu ribar da kamfanonin suka raba kowace shekara, wadda ta shigo duk da faɗuwar farashi, domin mutanen Dakar da Bamako ba su daina kiran waya ba, na Abijan ba su daina kunna fitila ba. Na ce musu farashin da ke takarda shi ne abin da za a ba mu in mun sayar yau, kuma ba wanda ya ce mu sayar yau. Kawu ya ce takarda ba ta haihuwa. Gaskiyarsa ce ta wani wajen, kuma fulotin da ya nuna mini a farko ya yi tsada da gaske, ban musa masa ba.

Mahaifiyar ce ta raba gardamar. Ta ce daga bayan asabari, “Yaya, na babban fa, an taɓa shi?” Na ce ko dala ba ta ragu ba, hayarsa tana shigowa duk wata shida, da ita ake biyan makarantarsa. Ta ce, “Na yarinyar?” Na ce rabi yana nan daram, rabi ya rame. Ta yi shiru, sannan ta ce, “To auta ai koko yake sha. A bar shi a hannun Yaya.” Kawu ya saka takalminsa ya fita ba sallama. Mun yi kusan shekara gaisuwarmu ba ta wuce ta masallaci.

A waɗannan shekarun na kafa wa kaina ƙa'ida. Kowace Muharram, lokacin fitar da zakka, nakan duba rabon kowane yaro in ga ko ya karkace daga yadda na tsara. Na auta ya kamata ya zama kashi uku hannun jari, kashi ɗaya sukuk. Da farashi ya faɗi sai ɓangaren jarin ya yi ƙasa, don haka hayar sukuk ɗinsa da ribar da aka raba masa duka na riƙa mayar da su hannun jari, a lokacin da kowa ke gudu. Ba jarumta ba ce, hannuna yana rawa nake sa hannu a takardar, amma ƙa'idar na rubuta ta tun hankalina yana kwance, kuma na fi yarda da ita a kan zuciyata ta ranar. A 2021 kasuwar ta juyo, ma'auni ya hau da wajen kashi 39 cikin shekara ɗaya. Abin da aka saya da araha a 2019 da 2020 shi ya fi kawo amfani.

Akwai wani lissafi da nake so masu tsoron hannun jari su yi. Sukuk yana ba da kashi 6 ko 6 da rabi. Cire zakka, abin da ya rage bai kai 4 ba. Sai mutum ya je kasuwa ya tambayi kuɗin tiyar hatsi bana da bara. A shekarar da kaya suka yi tsada, mai takardar haya ya ga kuɗinsa cif a rubuce, amma buhunan da za su saya sun ragu. Ga wanda zai ci kuɗinsa nan da shekara biyu wannan ƙaramar asara ce, ya saya wa kansa barci da ita. Ga yaro mai shekara 3 babbar asara ce, sai dai ba ta da ƙara, ba kuma wanda zai tara dangi a zaure saboda ita.

Sannan 2023 ta zo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, da ƙungiyar ƙasashen sefa suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, aka riƙe kuɗin gwamnati da ke babban banki. Ina da aboki da muka yi koyarwa tare, wanda ya zuba kuɗin sallamarsa duka a takardun bashin baitulmalin ƙasarmu. Shi bai ɗauki maganar ruwa yadda na ɗauke ta ba, ban kuma taɓa yi masa wa'azi ba. Hujjarsa ita ce kamfani yana karyewa, gwamnati ba ta karyewa. To ba ta karye ba, amma hanyar biya ta toshe, ranar biya ta zo ta wuce shiru. Mali ma ta shiga irin wannan a 2022, daga Janairu zuwa Yuli. Sai bayan an ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, ƙasar ta koma kasuwa a Afrilu, aka fara biyan abin da ya taru. Kuɗinsa bai salwanta ba, amma a watannin nan sai da ya sayar da tumakin matarsa, dattijo mai miliyoyi a takarda.

Mu ma ba mu tsira sarai ba. Kuɗin yara suna nan a rubuce, amma tsaba ta yi wuya a bankuna, mutum ya yi layi tun safe a ba shi ɗan abin da aka ƙayyade. Abin da ya riƙe gidan marigayi a lokacin hatsin da na saya da kaka ne da 'yan awakin da mahaifiyarsu ke kiwo a bayan ɗaki. Tun daga nan na ƙara kashi na uku a kowane littafi: abin da hannu zai iya kaiwa yau, ba sai an jira Abijan ko Yamai ba.

Yarinyar ta shiga makarantar koyon aikin lafiya a nan Zinder. Tun tana aji na ƙarshe a kolej na fara rage hannun jarinta kaɗan-kaɗan, kowace Muharram in sayar da wani yanki. A 2024 kasuwar ta sake hawa da kusan kashi 29, kuma abin da na sayar mata a 2022 da 2023, da na bari, da ya fi haka kawowa. Ta ga lissafin da idonta ta ce, “Baba, da ka jira.” Na ce mata da na san gobe da na jira, amma kuɗin makarantarta ba na jira ba ne.

Babban kuwa ya gama jami'a. Na kira shaidu kamar yadda aya ta ce, Malam da kawunsa da liman, na miƙa masa littafinsa da abin da ya rage bayan karatu. Kawu ya karɓi littafin ya bi shi shafi-shafi da gilashinsa, har kuɗin hoton katin makaranta yana ciki, ya rufe ya ce Allah ya saka da alheri. Bayan mako biyu yaron ya zo ya ce zai zuba rabin kuɗin a hannun jari, rabi kuma zai buɗe shagon mahaifinsa. Na tambaye shi yaushe zai yi aure. Ya ce nan da shekara biyu in Allah ya so. Na ce to ya ware kuɗin auren tukuna, sauran ya yi yadda ya ga dama. Ya ware rabin abin da na ce.

Saura na auta, wanda yanzu ya fi abin da aka ba ni nesa ba kusa ba. Sukuk ɗin Senegal da na Togo duka a 2026 suke ƙarewa, uwar kuɗin tana dawowa kashi-kashi, kuma sabon da zan mayar da ita ciki ba ya samuwa da sauƙi. Ga shi tun da masu binciken kuɗi na Senegal suka bayyana a Fabrairun 2025 cewa bashin ƙasar ya fi abin da aka daɗe ana faɗa, na daina kallon takardar kowace gwamnati a matsayin abin da ba ya motsi. Na yanke cewa in ya shiga lise zan fara rage masa hannun jari kamar yadda na yi wa yayarsa. Na kuma fara zaunar da babban a gefena duk Muharram yana ganin yadda ake cike littafin ƙanensa, domin shekaruna sun ja, kuma na riga na sanar da dangi cewa shi zai karɓa.